Wane Ne Ɗan Gaye?

Duk wanda ya saba zama a majalisar dattawa cikin ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano, tun daga Ungogo da Dawakin Tofa har Bichi, ko daga Minjibir har Ɗambatta da Makoɗa, wato ƙasar nan da gona ke jingine da gona, gida kuma na hango gida, ba sauran daji sai kuka da ɗorawa da gawo da aka bari tsaye a cikin shuka, lalle ya san da wuya a idar da sallar la'asar a zauna hira har magariba ba a jefi wani da kalmar ɗan gaye ba. Ana faɗarta ga saurayi da budurwa, ana faɗarta ga abinci da ciwo da makaranta, har ta kai na ji an ce da wani irin wake waken 'yan gayu, don kawai yana nuna da wuri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ga lafazin ya yi wa ma'anarsa nisa ƙwarai, kuma akwai bayin Allah da wannan nisa yake cutarwa.

Kalmar baƙuwa ce, tarihinta kuwa abin al'ajabi ne. A shekarar 1605 aka kama wani mutum a Landan mai suna Gai Foks yana tsaron gangunan albarushi waɗanda aka ɓoye a ƙarƙashin majalisar dokokin Ingila, da nufin a tashe ta da sarki a ciki. Tun daga nan mutanen ƙasar suka riƙa tunawa da ranar 5 ga Nuwamba, yara su haɗa mutum-mutumi da tsummoki, su kira shi da sunan mutumin, su zaga gari da shi, sa'an nan a ƙone shi. Da tafiya ta yi tafiya sai sunan ya zama na duk wanda ya yi shiga ta ban dariya, da ya haye teku zuwa Amurka kuma sai izgilin ya wanke, ya koma yana nufin namiji kawai, ko wane ne shi. A wannan siffa ya iso mana, Bahaushe ya lanƙwasa shi ya ce gaye, ya yi masa jam'i ya ce gayu, ya kuma ba shi ma'anar da ta saɓa wa asalinsa baki ɗaya, har sunan da aka fara raɗa wa mai tsumma ya zama na mai tsaf-tsaf. Muna da tamu kalmar tun da, wato ɗan ƙwalisa, sai dai shi ɗan ƙwalisa adon gida yake yi, babbar riga da hula da turare, ɗan gaye kuwa adonsa na aro ne.

Hanyar da wannan ado ya biyo ya shigo ƙauye ba ɓoyayya ba ce, ita ce hanyar cin rani. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, birni ya buɗe, aka kafa gidan silima na Rex a 1937, daga baya masana'antu suka cika Bompai, kuɗin ƙarin albashi na Udoji kuma suka zo a tsakiyar shekarun 1970 suka ƙara wa kasuwa zafi, samarinmu ba su fasa ba, da an kai amfanin gona rumbu sai su ɗaure 'yan komatsansu su nufi Kano ko Jos ko Ibadan ko Ikko, su yi dako, su yi ga-ruwa, su yi gadi ko yankan farce. Mafi yawansu kan dawo da kuɗin taki da na aure kafin ruwan shuka. Amma akan sami ɗaya a cikin tawaga wanda zai dawo da matsattsen wando da shat, ba hula, ya tara suma ya tsaga ta, ga tabarau, ga agogo, ga rediyo rataye a kafaɗa, aljihu kuwa wayam, kuma ba zai iso ba sai an gama noman fari.

A nan ne ya kamata mai nazari ya tsaya ya yi wa dattawan da adalci, domin ƙorafinsu yana da hujja. Ƙasarmu ba ta da filin da za a bar gona ta huta, saboda haka abin da ke riƙe da ita shekara da shekaru shi ne taki da hannu: da rani a yi ta kai takin tumaki da awaki da toka da shara a mangala bisa jakuna, har daga cikin birni ake ɗauko shi, da damina kuma a yi shuka, a yi noman fari, a yi maimai, kowanne a kan lokacinsa, wanda idan ya wuce ba ya dawowa. Gandu, wato uba da 'ya'yansa su yi aiki a gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya, kowane ɗa kuma da 'yar gayaunarsa, shi ne ginshiƙin wannan tsari. To, saurayin da ya janye hannunsa daga gandu a makon da ciyawa ke neman cinye gero, sa'an nan ya zo ya sa hannun nan a akushi da dare, ya ɗora wa 'yan'uwansa nauyin da ba nasu ba. Shi ne aka fara kira ɗan gaye a ƙauye, kuma tufafinsa alama ce kawai ta zahiri, illar tana ga ƙin aiki da raina masu yinsa. A wancan zamani idan an faɗi kalmar kowa ya san wanda ake nufi da abin da ya yi.

Malaman manɗiƙi sun shar'anta cewa ta'arifi ba ya inganta sai ya tattara dukan abin da ake nufi, ya kuma kore duk abin da ba a nufi. Idan muka auna kalmarmu ta yau da wannan ma'auni za mu tarar ta faɗi ta fuska biyu, ta biyun kuwa ta fi muni, domin ba ta kore kowa. Yaron da ya ci jarrabawa ya tafi Makarantar Kimiyya ta Dawakin Tofa, wadda aka buɗe tun 1977, ɗan gaye ne. Matar da ta tafi awon ciki ta ce a asibiti za ta haihu, 'yar gayu ce. Mai ciwon sukari da likita ya hana shi fura da sukari, ciwon 'yan gayu gare shi. Wanda ya tafasa ruwan rijiya a lokacin amai da gudawa, da wanda ya ɗaura gidan sauro, da wanda ya gina masai ya yi masa murfi, duk an tara su a rumfa ɗaya da wancan mai rediyo, alhali ba abin da ya haɗa su da shi illa sun zo da abin da ido bai saba gani ba.

Na ga wannan a cikin gidanmu. Wani ɗan ƙanena ya yi karatu a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta, ya dawo ya roƙi mahaifinsa gefen gona, ya ja igiya ya yi shuka a layi, ya riƙa auna takin zamani da murfin kwalba yana binne shi gindi-gindi maimakon watsawa, da kaka kuma ya zuba wakensa a buhun nan mai ninki uku wanda ke kashe ƙwari ba da magani ba. Wata rana yana tsugune da dogon takalminsa na roba sai wani dattijo daga cikin 'yan'uwan kakansa ya tsaya a kan iyaka ya ce, “Kai yaro, wannan noman 'yan gayu wa ya koya maka? Mu da ƙafa muke awo.” Yaron ya miƙe ya rusuna ya ce, “Allah ya ja kwana, Baffa, taki ne ya yi tsada, shi ya sa nake ba kowane gindi rabonsa.” Jawabi ne mai ma'ana, wanda ya cancanci a zauna a tattauna shi, a ce ya yi daidai ko ya yi kuskure, tun da dattijon nan ya san ƙasar da halinta fiye da kowane littafi, da ma yana da abin da zai ƙara wa yaron. Amma laƙabin ya riga ya fita, majalisa ta karɓa da dariya, aka rufe mas'alar tun ba a buɗe ta ba, ba kuwa wanda ya je ya ƙirga damin da ya ɗaure. Tafin hannunsa ya yi kanta kamar na kowane manomi, duk da haka sunan ya bi shi har masallaci. Damina biyu ya yi, yanzu yana birni yana tuƙa adaidaita-sahu.

Wannan cuta ta lafazi ba mu kaɗai ta sama ba. Mutanen Amurka suna da kalmar hipsta, wadda a shekarun 1940 take nufin ma'abota kiɗan jaz na baƙaƙen fata da fararen samarin da ke kwaikwayon maganarsu da shigarsu, har marubuci Norman Mailer ya yi maƙala a kansu a 1957. Wajen shekarar 2000 aka tono kalmar aka liƙa wa wasu samari masu ilimi da abin hannu a unguwar Williamsburg ta birnin New York, waɗanda suka tsiri tara gemu da sa rigunan leburori da hawan tsofaffin kekuna da neman abincin da aka yi da hannu, wato suna ado da kayan talaka ba tare da sun ɗanɗani talaucinsa ba. Ba a jima ba sai ta zama duk mai gemu ko tabarau ko mai shan gahawa mai tsada hipsta ne, ba kuwa wanda ke yarda ya amsa sunan. Bambancinmu da su shi ne, a birnin Kano mutum na jin daɗi a ce ya iya gayu, yabo ne. Sai kalmar ta bi hanyar Katsina ko ta Daura ta yi 'yan mil kaɗan take rikiɗa ta zama tuhuma.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne, ainihin mutanen da suka yi kama da waɗancan na Amurka suna nan a cikinmu, amma ba mu raɗa musu suna ba. Ina nufin masu yin ado da ƙauyanci. Fura da zogale da ɗanwake da kwaɗon rama, waɗanda da ake ganin cimar marasa hali ce, yau ga su a robobi masu tambari a manyan kantuna, wannan kam ban ga aibinsa ba, ciniki ne, kuma geron daga gonakinmu yake fitowa ta kasuwar Dawanau. Wanda na ga aibinsa shi ne bikin nan da aka tsira a cikin shagulgulan aure ana kiransa Ranar Ƙauyawa, inda 'yan mata da samarin birni za su sa atamfofi waɗanda ba su dace da juna ba, su rambaɗa kwalli, su yi ɗige-ɗige a fuska, su karkace harshe, su ci rogo da ƙuli da rake da goruba, a ɗauki hotuna a watsa a intanet. A 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta hana shi saboda dalilan tarbiyya. Ni dalilina daban ne: matan da ake kwaikwaya a wurin nan su ne uwata da gwaggona, waɗanda ke surfe da daka tun asuba, kuma ba su taɓa shiga irin wannan don su ba kowa dariya ba. Ga shi an mai da rayuwarsu kayan wasa na yini ɗaya a birni, mu kuma a ƙauye muna can muna jifar ɗanmu mai igiyar awo.

Ta fuskar shari'a ma laƙabin ba shi da madogara. Ado a kan kansa halal ne, tsabta kuwa abar nema ce, kuma ya tabbata a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa son kyakkyawar tufa da takalmi ba ya cikin girman kai. Abubuwan da aka zarga sanannu ne, kowanne da sunansa da haddinsa a littattafan fiƙihu da na tasawwufi: israfi, da riya, da alfahari, da saɓa wa iyaye, da zaman banza alhali mutum na da ƙarfin nema. Wanda ya ce wa yaro ka yi israfi, ya ɗora wa kansa kawo hujja, yaron kuma yana da damar ya kare kansa ko ya tuba. Wanda ya ce masa ɗan gaye bai ɗauki nauyin komai ba, bai kuma bar masa ƙofar fita ba, domin ba a san laifin ba balle a san tubansa. Aya ta 11 a cikin Suratul Hujurat ta hana muminai yi wa juna izgili da jifar juna da laƙubba, malamanmu kuwa suna karanta ta a tafsirin azumi.

Ban ce masu ƙin gona sun ƙare ba. Suna nan, sai dai waya ta maye gurbin rediyo, kuma ya wajaba a faɗa musu gaskiya da sunan laifinsu. Roƙona ga iyayenmu dattawa, da limamai, da masu unguwanni, da kai mai karatu idan kana da wurin zama a wata majalisa, shi ne duk ranar da aka ce da wani yaro ko wata yarinya ɗan gaye ko 'yar gayu a gabanku, ku dakatar da mai maganar cikin ladabi, ku tambaye shi wane aiki ne yaron ya yi, sa'an nan a aika a kira yaron a ji ta bakinsa.