Encuentro: Ɗarikar Katolika da 'Ya'yanta Masu Jin Sifaniyanci a Amurka

Shekaru da dama, a cocin Katolika na unguwanni masu yawa a New York, tsarin ranar Lahadi a fili yake: sujadar Turanci a babban zaure da hantsi, ta Sifaniyanci kuwa a ɗakin ƙasa, a lokacin da ya ragu. Mutanen Puerto Rico da suka kwararo birnin bayan yaƙin duniya na biyu haka suka tarar. Kafin su, an bar Jamusawa da mutanen Poland da Italiyawa sun gina nasu majami'u, da nasu Fada da nasu harshe. Su kuwa mutanen Puerto Rico, Kadinal Francis Spellman na New York ya zaɓi a shigar da su cikin majami'un da ake da su. Niyyar ita ce a haɗa kai, amma abin da ya fito shi ne zaman baƙunta.

Abin da ke sa wannan ya yi ciwo shi ne, masu jin Sifaniyanci sun riga kowa kafa Katolika a ƙasar. Tun 1565 ake Misa a St. Augustine ta jihar Florida. Yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 ce ta mayar da dubban Katolikan Meziko 'yan Amurka suna zaune a gidajensu. Da aka tashi naɗa musu bishop a Santa Fe, sai aka kawo Bafaranshe, Jean-Baptiste Lamy, wanda rikicinsa da Fada Antonio José Martínez na Taos ya kai ga korar Martínez daga tarayyar ikkilisiya. Sai a 1970 aka samu ɗan asalin Meziko na farko da ya zama bishop a Amurka, Patricio Flores, a San Antonio. Shekara 122 ke nan ana jira.

Daga wannan ƙishi aka haifi al'adar da suke kira Encuentro, wato haɗuwa. An yi na farko a Washington a 1972, aka sake a 1977 da 1985, na huɗu a Los Angeles a 2000, na biyar a Grapevine ta jihar Texas a watan Satumbar 2018, inda wakilai kimanin 3,000 suka hallara. Sai dai babban taron shi ne ƙarshen tafiya. Ainihin aikin a ƙasa yake farawa: mutum goma ko goma sha biyu su zauna a falon wani ko a ajin koyar da addini, su faɗi halin da suke ciki, su auna shi da Littafi Mai Tsarki, sannan su yanke abin da za a yi. Gani, aunawa, aikatawa: hanya ce da Fada Joseph Cardijn ɗan Beljiyam ya tsara wa matasan ma'aikata, ta yi ƙarfi a Latin Amurka, baƙin haure suka ƙetaro da ita. Abin da ƙaramin rukuni ya ce sai ya hau zuwa coci, daga nan zuwa daiyosis, zuwa yanki, har kunnen bishop-bishop.

A ganina nan ne darajar abin take. Matar da ke wanke ɗakunan otal, da mutumin da ke tsinkar inabi a Kalifoniya ba shi da takardar zama, an tambaye su me suke so cocinsu ya zama, kuma an rubuta amsar. A ɗarikar da aka san ta da umarni daga sama, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Ya kuma haifar da ɗa mai ido: wasiƙar bishop-bishop ta 1983, wadda ta kira kasancewar Latino, wato masu asali daga Latin Amurka, albarka ga ikkilisiya, da tsarin hidima na ƙasa na 1987. Dubban katikis da shugabannin rukuni a nan suka koyi tsayawa gaban jama'a. Cibiyar da Fada Virgilio Elizondo ya kafa a San Antonio a 1972 ta koya wa limamai da yawa Sifaniyanci da al'adun masu jinsa, har suka daina kallon bikin Budurwar Guadalupe na 12 ga Disamba, da jerin gwanon posadas kafin Kirsimeti, a matsayin addinin ƙauyawa.

Amma a saurare ka daban, a ba ka mabuɗin gida daban. Yau fiye da kashi ɗaya cikin uku na Katolikan Amurka 'yan Latino ne, adadin limamansu kuwa bai ko kusanci haka ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake da su daga Meziko da Kolombiya aka ɗauko su. José Gomez, babban bishop na Los Angeles, haifaffen Monterrey, ya zama shugaban majalisar bishop-bishop ta Amurka a 2019, abin farin ciki ne. Duk da haka a coci da yawa ana cika benci a sujadar Sifaniyanci, amma kwamitin kuɗi da na makaranta suna hannun tsoffin iyalai. Tsarin 1987 kansa ya sha fama da rashin kuɗin aiwatarwa, kowace daiyosis ta yi iya abin da bishop ɗinta ya ga dama.

Babban rauni, a wurina, shi ne yadda aka ɗaure hidimar a kan harshe. An gina ta ne domin baƙon da ya sauka jiya, alhali kusan kashi biyu cikin uku na Latino a Amurka aka haife su. Yarinyar da ta tashi a Phoenix tana mafarki da Turanci, tana addu'a da kakarta da Sifaniyanci. Sujadar iyayenta tana yi mata nauyin harshe, ta Turanci kuma ba ta jin ƙamshin gida a cikinta. Kiristan arewa da ya ga 'ya'yansa sun bar sujadar Hausa sun koma ta Turanci zai gane wannan damuwa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Alƙaluman cibiyar bincike ta Pew sun nuna inda aka kwana. A 2010 kashi 67 cikin ɗari na manyan Latino Katolika ne, zuwa 2022 sun koma kashi 43. An daɗe ana ɗora laifin a kan majami'un Fentikos, kuma gaskiya ne suna jan mutane, domin a can faston ɗan unguwa ne, sabon zuwa kuma yana iya riƙe makirufo cikin 'yan watanni. Amma mafi yawan ƙaruwar a wurin waɗanda suka ce ba su da addini take, daga kashi 10 zuwa kashi 30, kuma a cikin masu shekara 18 zuwa 29 sun kai kusan rabi.

Encuentro na biyar ya ji wannan kuka, shi ya sa aka dage a sa matasa cikin wakilai, aka kuma tura mahalarta su je su ziyarci waɗanda suka daina zuwa coci tun kafin a zauna taro. A watan Yunin 2023 bishop-bishop suka amince da sabon tsari na shekara goma, wanda ya ba matasa da renon sababbin limamai muhimmanci. Ina fatan wannan karon za a sa kuɗi a bayan takardar, a kuma buɗe ƙofar makarantun Katolika ga yaran nan, domin har yanzu kaɗan ne daga cikinsu iyayensu ke iya biyan kuɗin.