Masu Awon Abin da Ido Ba Ya Gani

Makaniki a Kano kan sayi noti a kasuwar Ƙofar Ruwa, ya ɗaura a injin da aka ƙera a Japan, ya zauna daram. Wannan dacewa aikin wasu bayin Allah ne da ba a cika jin sunansu ba, wato masu awo da tantance ingancin ƙarfe a masana'antu.

Kafin 1841 kowace maƙera a Ingila da irin haƙoran notinta. A shekarar ne Joseph Whitworth ya gabatar da ma'auni guda mai kusurwar digiri 55. Daga baya Carl Edvard Johansson na Suwidin ya ƙera 'yan tubalan ƙarfe da ake gwada kayan awo da su, har Henry Ford ya ɗauke shi aiki a 1923.

Magadansu kan yini a ɗakin da aka tsayar da zafinsa a digiri 20, domin zafi yana sa ƙarfe ya buɗe. Suna auna ratar da ba ta kai kaurin silin gashi ba, duk abin da ya zarce iyaka su mayar da shi. Lambar 8.8 ko 10.9 da ke kan noti shaidar ƙarfinsa ce, kuma da ita injiniya ke zaɓar wanda zai riƙe gada ko tayar tirela.