Kwalbar da ba ka san me ke ciki ba

Idan kana Isa ko Sabon Birni, ka tuna 2021, lokacin da aka katse layukan waya. Wasan da ba ya buƙatar data irin Shattered Pixel Dungeon, wanda Evan Debenham ya fitar a 2014, shi ne abokin zama a irin wannan hali.

Ƙarfin wasan yana cikin kwalaben da kake tsinta a kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Ba suna a jikinsu, sai launi, kuma launin yana sauya ma'ana duk sabon zagaye. Ja ta warkar da kai jiya, yau ta cinna maka wuta. Dole ka yi lissafi: wadda ta fi yawa a jakarka, galibi ta waraka ce. In za ka gwada baƙuwa, tsaya cikin ruwa, yana saurin kashe wutar da ta kama ka.

Inda wasan ya gaza, a ganina: bai hana ka rowa. Kahneman da Tversky sun nuna a 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba, shi ya sa kake ta ajiya har dodo ya kashe ka da kwalba biyar ba ka sha ko ɗaya ba. Yunwa tana tilasta maka cin guzuri, amma kwalba ba ta lalacewa, to me zai sa ka buɗe ta?