Jinjina ga Iyayen da ke Zama kan Bokiti

A garuruwan Amurka, da la'asar ta yi sanyi, za a ga uba zaune kan bokiti a bayan gida, safar kama ƙwallo a hannunsa, 'yarsa mai shekara goma tana tsaye ƙafa 35 daga inda yake. Sai ta juya hannu kamar fanka, ta sako ƙwallon ta gefen cinya. Wasan softball ke nan, wanda aka fara a Chicago a 1887. Ƙwallon tana da tauri ƙwarai, ƙwaurin iyaye da yawa na ɗauke da tabonta.

Abin ya fi ciwo idan ƙungiyar yarinyar kullum kashi take sha. A dokar gasar yara ta Little League, in aka ba ƙungiya ratar maki goma bayan zagaye huɗu, sai a tsayar da wasan. Yarinya ta dawo mota idanunta jawur, wandonta duk jar ƙasa. Uwar ba ta tsayawa lissafa mata kurakurai. Takan miƙa mata ruwan sanyi, ta tuna mata jifa ɗaya da ta yi daidai.

Asabar da asuba kuma sai su sake kama hanya zuwa wani wasan, kuɗin mai daga aljihunsu. Waɗannan iyaye sun cancanci jinjina.