Farfaɗo: Kalmar da Labarai Suka Gajiyar

Duk mai sauraron labaran Hausa, ko daga Landan ake karanto su ko daga Kaduna, zai yi wuya ya wuni bai ji an ce za a farfaɗo da wani abu ba. Yau tattalin arziki ne, gobe noman auduga, jibi jirgin ƙasa ko tarbiyyar matasa. Mu masu aikin rediyo mun mayar da kalmar tamkar gishiri, kowace miya sai an barbaɗa ta. Ƙorafina a kanta shi ne kalma ce mai ɗauke da hukunci, muna kuma yanke wannan hukunci a madadin masu mulki ba tare da an tambaye mu ba.

Bahaushe ya san wanda ke farfaɗowa. Mutum ne da ya suma, aka yayyafa masa ruwa, aka yi masa fifita, ya buɗe ido. Da ma yana da rai, bai mutu ba, kuma bai daɗe a kwance ba. Saboda haka idan mai karanta labarai ya ce za a farfaɗo da kamfani, ya shaida wa mai sauraro ke nan cewa kamfanin ya taɓa tsayawa da ƙafarsa, har yanzu da sauran numfashi, kuma ruwa kaɗan zai ishe shi.

Turancin da muke fassarowa daga gare shi bai yi wannan rowa ba. Yana da kalmomi jere, yawancinsu aro daga Latin, kowace da irin mara lafiyar da take nufi. Revive tushenta rayuwa ne, ita ce mafi kusa da farfaɗowarmu. Resuscitate ta ɗakin asibiti ce, inda ake danna ƙirjin wanda numfashinsa ya ɗauke. Rejuvenate daga kalmar ƙuruciya ta fito, tsoho ake son mayarwa saurayi. Reinvigorate ƙarfi ne ya ragu ake son ƙarawa. Renaissance aro ce daga Faransanci, ma'anarta sake haihuwa. Resurrect kuwa sai an shiga kabari tukuna. Ɗan siyasar da ya zaɓi ɗaya ya bar sauran ya san abin da yake yi, ko mai rubuta masa jawabi ya sani. Idan muka zuba su duka a ƙwarya ɗaya muka kira su farfaɗo, mun ɓoye wa mai sauraro girman ciwon da mai maganar da kansa ya amsa akwai.

A nan Yawunde matsalar ta ninku. Bahaushen Briqueterie, tsohuwar unguwar Ekoudou da ta samo sunanta daga wurin yin tubali na zamanin Jamusawa, da maƙwabcinsa na Madagaska (unguwa nake nufi, ba tsibirin ba), labarin ƙasarsu da Faransanci yake fitowa, a juya shi Turanci, sannan ya iso musu da Hausa ta BBC, ko DW, ko RFI wadda ta buɗe sashen Hausa a 2007. Kafin kalma ta kai teburin mai shayi ta ratsa harsuna biyu, a kowace mashiga kuwa tana iya sauya riga.

Misalin da ya fi kowanne yana gida. Da Paul Biya ya karɓi mulki ranar 6 ga Nuwamba 1982, taken tafiyarsa da Faransanci shi ne Renouveau, kalmar da ke nufin sabuntawa, har ana amfani da ita wajen dawowar ganye bayan sanyi. Amma ga 'yan ƙasa masu Turanci sai aka ce New Deal, sunan shirin da Roosevelt ya soma a Amurka a 1933, wanda asalinsa maganar karta ce: a tattara a sake rabo. Mutumin Bamenda an yi masa alkawarin sabon rabo, mutumin Ebolowa an yi masa alkawarin sabon toho. Alkawari biyu ne mabambanta a ƙarƙashin hula ɗaya, kuma wanda ya juya su Hausa da "farfaɗo da ƙasa" ya ƙirƙiro na uku, wato ƙasar suma ta yi a hannun Ahmadu Ahidjo. Wannan kuwa magana ce babba da ya kamata a bar wa masu tarihi su yi gardama a kanta, bai dace ta sulale daga bakin mai fassara don yana sauri ba.

A Najeriya abin har dariya yake bayarwa, irin dariyar da ba ta kai ciki. Shekara nawa ana cewa za a farfaɗo da kamfanin ƙarafa na Ajaokuta? An soma gina shi a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, har yau bai taɓa aiki yadda aka tsara shi ba. Abin da bai taɓa tashi ba ta yaya zai suma? Kalmar da ta dace ita ce kammalawa, sai dai "za mu kammala" tana jawo tambayar me ya hana tun tuni, "za mu farfaɗo" kuwa tana sa mai magana ya zama likita mai ceto. Masaƙun Kaduna nasu daban ne. Sun rayu da gaske, tun daga masaƙar farko ta 1957, sun ciyar da dubban iyalai a Kakuri, sannan manyansu suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000. Injin da ya shekara ashirin yana tsatsa yayyafin ruwa ba zai tashe shi ba. Sake ginawa ne, da kuɗinsa, da wutar lantarkinsa, da audugarsa. Haka kamfanin jiragen sama na Kamaru: tsohon ya tsaya a 2008, Camair-Co ya fara tashi a 2011. Wancan mutuwa ya yi aka yi masa magaji. Bahaushe bai taɓa kiran magaji farfaɗowar mamaci ba.

Abin takaicin shi ne ba talaucin harshe ya jawo mana wannan ba. Muna da murmurewa, ta wanda ya tashi daga jinya yana mayar da jiki a hankali, ita ce ta dace da kasuwa bayan annobar korona. Muna da wartsakewa, ta wanda gajiya ko maye ya sake shi. Muna da tayar da komaɗa, wadda na fi so a cikinsu, domin hoton kwano ne da ya lotsa aka bubbuga shi ya miƙe, ta kuma amsa cewa an yi asara. Lokacin da 'yan ƙwallon Kamaru suka ci Masar 2 da 1 a Gabon a 2017, suka ɗauki kofin Afirka bayan shekara 15 rabonsu da shi, komaɗa suka tayar.

Sai kuma raya, wadda ta fi su duka zurfi. Ita muke faɗa ranar suna, Allah ya raya. Ita ce a raya dare da raya al'ada. Babu "sake" a cikinta, ba ta damu da ko abin ya taɓa faɗuwa ba, ciyarwa ce da kulawa ta yau da gobe. Da ita malamanmu suka fassara ihya'u, kamar a sunan littafin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Ihya'us Sunna, da na Imam Gazali, Ihya'u Ulumiddin. Ita kuwa jaddada, wadda a Larabci take nufin sabuntawa, wadda daga gare ta aka kira Shehu Mujaddadi, labarai sun riga sun cinye ta. Yau gwamna ne ke jaddada ƙudurinsa, wato ya maimaita abin da ya faɗa bara. Kalmar da ta taɓa ɗaukar nauyin gyaran al'umma ta koma nanata magana, kuma hanyar da farfaɗo ta kama ke nan.

Na san uzurin ɗakin labarai. Minti biyar ne, labari takwas, ga edita a tsaye, farfaɗo kuwa ana gane ta daga Kano har Nima ta Akara. Wani lokacin ma gudunta kan jefa mutum a wani ramin. Taken Tinubu na 2023, Renewed Hope, an juya shi "sabunta fata". A baki karin sauti yana raba fatan zuciya da fatar jiki, amma a rubuce sai ka ɗauka tallar man shafawa ce. Duk da haka gara wannan tuntuɓe, domin aƙalla mai fassarar ya tsaya ya dubi kalmar da ke gabansa.

Akwai inda farfaɗo ta zauna daram, kuma bai yi nisa da mu ba. Tafkin Chadi, wanda Kamaru da Najeriya da Nijar da Chadi suka kafa wa hukuma tun 1964, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, fari na shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawansa. Bai ƙafe ba, yana cika yana ja da baya gwargwadon abin da kogin Shari da Logone suka kawo. A taron Abuja na Fabrairun 2018 an tattauna janyo masa ruwa daga yankin kogin Kwango. Ga mai rai, ga suma, ga ruwan da ake shirin yayyafawa, ko da yake har yanzu ba a haƙa magudanar ba, masuntan Darak da Blangoua suna nan suna bin ruwan duk inda ya ja.