Yesu Mai Jar Riga: Abin da Hotunan Mafa Suka Faɗa da Wanda Suka Bari

A ɗakin da nake koya wa yara katikisim, kusa da unguwar Briqueterie a nan Yawunde, akwai hotuna a bango waɗanda ake kira Yesu Mafa. Wata rana wani yaro ya dube su, ya ce, "Malam, ashe Yesu mutumin Mokolo ne?" Tambayarsa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

An soma aikin hotunan nan a 1973, a ƙasar Mafa cikin duwatsun Mandara, arewacin Kamaru. Wani ɗan mishan Bafaranshe, François Vidil, ya sa masu bi suna karanta Bishara, sa'an nan su yi wasan kwaikwayonta. Aka ɗauki hotunansu, wata mai zane a Faransa ta zana su, fiye da 60. Cikinsu Yesu baƙar fata ne, sanye da jar riga, yana yawo tsakanin bukkoki masu tsinin jinka. A jibin ƙarshe ƙwarya ce a hannunsa.

Lalle sun cancanci yabo. Mu da muka yi makarantar mishan mun tashi muna ganin Yesu fari mai laushin gashi, kamar baƙon da ya zo da jirgi, zai kuwa koma. Hotunan Mafa sun rushe wannan tunani. Yohanna 1:14 yana koya mana cewa Kalman Allah ya ɗauki jiki irin namu, ya yi zama tare da mu. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, cikin wasiƙarsa ga ikkilisiyar Afirka da ya sa wa hannu a nan Yawunde ran 14 ga Satumba 1995, ya nuna cewa shigar Bishara cikin al'adunmu daga wannan asiri take fitowa.

Amma ina da magana biyu. Ta fari, yaron nan ya taɓo wurin da ciwo yake. Yesu Bayahude ne, an haife shi a Baitalami a zamanin Kaisar Augustas, ya sha wahala a hannun Bilatus. Idan malami ya rataye hoto bai bayyana wannan ba, yara za su mai da Bishara tatsuniya, wadda kowace kabila take ba ta launinta. Majalisar Kalsidon a 451 ta tsaya a kan cewa shi cikakken Allah ne, cikakken mutum kuma. Mutum na gaske kuwa yana da uwa, da gari, da ranar mutuwa.

Ta biyu, Yesun hotunan nan ɗan ƙauye ne. Yaranmu an haife su tsakanin shagunan tela da hayaƙin masu tsire. Ba su san rumbu ba, kuɗin haya suka sani. A gare su dutsen Mandara yana da nisa kamar Urushalima. Ashe baƙar fata kaɗai ba ta isa ta kawo shi kusa ba.

To, me ke kawo shi kusa? Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke jin kiran sallarsu daga masallacin Tsinga kowace asuba, su ma sun gaskata Allah yana kusa da bawansa, yana jinsa, yana ganinsa. Inda muka rabu shi ne, mu mun ce ya ji yunwa, ya gaji ya zauna a bakin rijiya, ya yi kuka a kabarin Li'azaru, aka binne shi. Wannan ba sa karɓa, hoto kuwa ba zai rinjaye su ba, gama ba su yarda a zana annabi ba. Abin da za su iya gani shi ne Kirista ya zauna tare da su ran makoki, ya kai abinci gidan marar lafiya.

Saboda haka ban sauke hotunan ba. Amma na rataye taswirar ƙasar Falasɗinu kusa da su, na nuna wa yaron Baitalami, na ce masa, "Can aka haife shi, amma ba ya kunyar kiranka ɗan'uwansa." Ku duba Ibraniyawa sura 2. Ubangiji ya sa maƙwabtanmu su gan shi a cikinmu. Amin.