Ɓera Ba Majiyyaci Ba Ne: Sharhi a Kan Gwajin Tsirran Kare Hanta

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi nazarin wani salon bincike da ya yawaita a jami'o'inmu, watau gwada tsirrai irin su zogale da soɓorodo da namijin goro a kan ɓeraye domin a ga ko suna kare hanta daga guba. Ba mu musun cewa aikin yana da tushe. Aikin da Maurice Iwu ya yi a kan kolabiron, sinadarin da ke cikin namijin goro, da wanda Ebenezer Farombi ya ci gaba da shi a Jami'ar Ibadan, sun cancanci yabo. Inda muke da ja shi ne yadda ake tsara yawancin gwaje-gwajen da kuma hukuncin da ake yankewa a kansu.

Tsarin kusan ɗaya ne. A raba ɓeraye rukuni-rukuni, a yi kwanaki ana ɗura wa wasu tataccen ruwan tsiro, sannan a ba su guba, galibi kabon tetrakulorid. Daga bisani a auna sinadaran ALT da AST a jininsu. In sun yi ƙasa da na ɓerayen da ba su sha tsiron ba, sai a ce tsiro ya kare hanta.

To amma a lura, wannan guba ba ta yin ɓarna sai hanta da kanta ta sarrafa ta. Wani sinadarin hanta da ake kira CYP2E1 ne ke farfasa ta, ɓarɓashin da ya fita ya shiga lalata kitsen da ke jikin ƙwayoyin hanta, kamar yadda man gyaɗa ke ɓaci in ya daɗe a buɗe. Saboda haka duk abin da ya danne wannan sinadari kafin gubar ta iso zai sa hanta ta fito lafiya, ko da ba ya warkar da komai. Rufe ƙofa kafin ɓarawo ya zo daban, ƙwato kayan da aka sace daban. Majiyyaci kuwa ba ya zuwa asibiti sai gubar ta riga ta shige shi. Alal misali, darajar asetilsistin, wanda likitocin Edinbara suka nuna amfaninsa a 1977, ita ce yana ceton wanda ya riga ya sha parasitamol fiye da kima, musamman in an ba shi cikin awa 8. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a ɗora tsirranmu a kai.

Bugu da ƙari, sau da yawa da metanol ake tatso ganyen, alhali a gida da ruwa ake dafa shi ko a jiƙa, don haka abin da ɓera ya sha ba lalle ne ya zama abin da ke cikin tukunya ba.

Da aka koma kan mutane, labari ya sauya. A gwajin da aka yi a Finlan, wanda aka buga a 1994, an sa maza masu shan taba kimanin 29,000. Waɗanda aka ba bita-karotin sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Silimarin ma, wanda masu bincikenmu ke ɗauka abin kwatanci a gwajin ɓeraye, an gwada shi a Amurka a kan masu ciwon hanta nau'in C, sakamakon da ya fito a 2012 bai nuna ya rage ALT fiye da maganin bogi ba. A 2018 kuma hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta bayyana cewa tataccen koren shayi, in sinadarinsa na EGCG ya kai miligiram 800 a rana, yana iya taɓa hantar da ake cewa yana karewa.

Abin da ya fi damunmu shi ne inda waɗannan sakamako ke ƙarewa. Mai bincike ya rubuta cewa tsiro "na iya" kare hantar ɓera, mai tallar magani da lasifika a bakin kasuwa ya yar da "na iya", ya yar da ɓeran, ya ce jami'a ta tabbatar. Mai ciwon shawara ya saya, ya koma gida yana sha har cikinsa ya kumbura kafin a kai shi asibiti.